Yadda ake gyaran kofaton doki da sa masa takalmin ƙarfe

Ranar Lahadi, in ka tsaya gefen ƴan dabbobi a kasuwar Tawa, ka lura da yadda ake cinikin doki. Mai saye zai buɗe masa baki ya dubi haƙora, ya shafa wuya, ya ja wutsiya, ya sa yaro ya hau ya ɗan yi kilisa. Da wuya ka ga wanda ya sunkuya ya ɗaga ƙafa. Kawuna, Allah ya jiƙansa, daga ƙafar yake farawa. Ran da na tambaye shi dalili sai ya ce: "Kai yaro, haƙori shekaru kawai yaka gaya maka. Kofato shi ka gaya maka ko wanga doki na kai ka gida." A hannunsa na fara riƙe ƙafar doki, sauran kuma na tsinta wurin maƙera da likitocin dabbobi, da kurakuran da na tafka da kaina.

Kafin komai, ka tambayi kanka ko dokinka ma yana bukatar ƙarfen. Yawancin dawakinmu ba sa bukata. Kakanninmu sun yi yaƙi da fatauci a kan dawakin da ba su taɓa sanin takalmi ba, domin kofato yana tsiro kamar farce, milimita 6 zuwa 10 a wata, rairayi kuma yana cinye shi daidai gwargwado. Dokin da ke yawo a yashin Abalak ko Cintabaradan datsa kawai yake so. Inda lissafin ke ɓaci shi ne inda ƙasa ke cin kofato fiye da yadda yake tsiro: duwatsun Adar wajen Keita da Buza, tsakuwar jar hanya, ko kwaltar Yamai ga dokin da ke jan amalanke kullum. Alamar ba ta ɓuya. Kofaton ya gajarce, doki yana taka tsakuwa a ɗarare kamar mai tafiya kan garwashi, yana neman gefen hanya inda yashi yake. Wannan shi ake kai wa maƙeri. Wanda ake hawa sau biyu a shekara don Sallah, a bar masa ƙafarsa yadda Allah ya yi ta.

Abin da za ka gani in ka juya kofato

A gefe akwai bango, wato ɓawon nan mai tauri da ke zagaye da ƙafar, shi ne ke ɗaukar yawancin nauyi. A ciki akwai tafi, mai ɗan zurfi kamar cikin ƙwarya. Tsakanin bango da tafi wani siririn layi ne ya kewaya, ana ce masa farin layi ko da yake launinsa ya fi kama da na man shanu. Ka san shi sosai, don shi ne iyaka: abin da ke wajensa matacce ne, ka yanka ka buga ƙusa doki bai san ana yi ba, abin da ke sama da shi ta ciki kuwa nama ne mai jini da jijiya. Daga dunduniya kuma wani abu mai laushi kamar roba ya miƙo zuwa tsakiya, da siffar kan mashi, da kwari a kowane gefensa. Turawan Ingila kwaɗo suke ce masa, Faransawa kuma cokali mai yatsu. Ni a nan tsokar tsakiya zan kira shi. Ita ke shanye girgizar taku, tana kuma hana santsi.

Sabon kofato daga sama yake sauka, daga inda gashi ya ƙare. Kafin abin da ya tsiro yau ya kai ƙasa a gaban kofato sai an yi wata 9 zuwa 12. Shi ya sa ɓarnar minti ɗaya da wuƙa take iya bin doki shekara guda.

Ɗaga ƙafa da sharar kullum

Ka zaɓi safiya kafin ƙudaje su taso, a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe. Ka sa takalmi rufaffe a ƙafarka. Duk wanda doki ya taɓa taka wa yatsa cikin silifa ba ya bukatar a maimaita masa. Mai riƙe ragama ya tsaya ɓangaren da kake aiki, don in doki ya zabura ya jawo kansa wajenku, gindin ya juya can nesa da kai. Kada ya naɗe igiya a hannu.

Ga ƙafar gaba, ka tsaya daf da kafaɗarsa kana fuskantar wutsiya. Ka ɗora hannu a kafaɗa, ka gangaro da shi a hankali ta bayan ƙafar, in ka kusa idon sawu ka ɗan matsa jijiyar, kana tura shi kaɗan da kafaɗarka don nauyinsa ya koma ɗaya ɓangaren. Zai saki ƙafar. Ta baya kuwa, ka matso jikinsa sosai, don wanda ya tsaya nesa shi harbi ke samu da cikakken ƙarfi. Ka gangaro da hannu daga ɗuwawu, ka ɗago ƙafar gaba kaɗan, sannan ka taka da ita baya ka ɗora a cinyarka. Kada ka ja ta gefe, kada ka ɗaga ta sama da yawa, musamman ga tsohon doki. Ba a durƙusawa, ba a zama. In ka gama ka ajiye ƙafar da hannunka, kada ka sake ta ta faɗi.

Abin shara ba sai ka saya ba. Kowane maƙeri zai lanƙwasa maka kan guntun ƙarfe ya dakushe bakinsa. Ka riƙa kwarzana daga dunduniya zuwa gaba, ka bi kwarin nan biyu har ƙasa, nan tsakuwa da ƙaya ke ɓuya. Ka shinshina. Ka taɓa bangon da tafin hannunka ka ji ko wata ƙafar ta fi sauran zafi. Ka cire ƙarangiyar da ta maƙale a gashin bayan sawu, ka dubi inda dabaibayi ke gogawa. Ƙafa huɗu ba su kai minti biyar ba. Ɗan dukushi kuma tun yana wata ɗaya a fara ɗaga masa ƙafa ana ajiyewa, ko ba a yi komai ba. Ingarman da ake kayarwa da igiya kafin a taɓa masa kofato, tun yana ƙarami aka yi sakaci.

Datsa

Duk mako 6 zuwa 8 ake yi. Kayan aiki: wuƙa mai kaifi, in da hali mai lanƙwasasshen baki, awartaki mai kaifin baki irin na yankan kofato, da magagari babba. Na san da yawa a ƙauye kurfi da guduma suke sawa, a ɗora ƙafar kan katako a sare. Gwani yakan yi a tashi lafiya, amma sara ɗaya in ta zarce ba ta da gyara. In ba ka da awartaki, magagari kaɗai ya ishe ka, muddin kana gogawa duk mako biyu ba ka bari kofaton ya yi tsawo ba.

Da rani, musamman lokacin hunturu da bazara, kofaton dokin Adar tauri yake yi kamar ƙaho, wuƙa sai ta zame ta sami hannunka. Ka zuba ruwa a wani wuri ya yi taɓo, ka tsayar da shi ciki kamar minti ashirin, ko ka ɗaure masa jiƙaƙƙen buhu. Kafin nan ka sa a ja shi a gabanka, ya tafi ya dawo, ka ga wane gefen kofato ke fara taɓa ƙasa. Wanda ke fara sauka yawanci shi ne ya fi tsawo.

Ka fara da tafi. Mataccen tafi fari ne, yana marmashewa kamar alli. Shi kaɗai za ka kankare. Da zarar ka ga wuri mai sheƙi kamar kakin zuma ya bayyana, ka tsaya, ka iso mai rai. Nan ne mutane suka fi yin ɓarna, suna fafe tafi don ya yi kyan gani, alhali kaurin nan shi ne garkuwar doki a kan dutse. In ka danna da babban yatsa ka ji ya lotsa, ka riga ka wuce gona da iri. Tsokar tsakiya ma ragargajen gefenta kawai ake gyarawa, don kwari ya buɗe datti ya riƙa fita.

Sai bango. Ka bi shi da awartaki kaɗan-kaɗan, kowane cizo ya ɗan hau kan na baya, kana kallon farin layi. Ga dokin da zai zauna ba ƙarfe, ka bar bangon ya ɗara tafi da kamar milimita biyu ko uku. Dunduniya biyu su zo daidai da juna, su sauko kusa da inda tsokar tsakiya ta fi faɗi. Sannan magagari: dogon ja daga dunduniya zuwa gaba, kana sauya ɓangare. Hannun dama yakan ci gefe ɗaya fiye da ɗaya ba ka sani ba, don haka bayan ƴan goge-goge ka riƙe ƙafar ta saman sawu, ka bar kofaton ya rataya, ka leƙa ta kan dunduniya kamar kafinta mai duban katako. Ya zama shimfiɗe, ba gefen da ya ɗaga.

Ka ajiye ƙafar, ka koma gefe ka tsuguna daga nesa. Gaban kofato da gaɓar da ke samansa su yi layi ɗaya miƙaƙƙe. Ga yawancin dawaki karkatar takan faɗa tsakanin digiri 50 da 55, amma kada ka bi lamba, ka bi ginin dokin. In gaban ya yi tsawo dunduniya ta kwanta, jijiyar bayan ƙafa ce ke biyan bashin, doki ya riƙa tuntuɓe. Daga ƙarshe ka zagaye bakin bangon da magagari ya yi kamar bakin ƙwarya, don kada ya tsattsage. In bangon ya baje waje kamar bakin faifai, ka goge ta ƙasa kawai. Kada ka taɓa saman, akwai wani siririn rufi da ke riƙe danshin kofato.

Dokin da ya shekara a turke har kofatonsa ya lanƙwashe sama, ba a gyara shi rana ɗaya. A rage kaɗan, a dawo bayan mako biyu ko uku.

Takalmin

Ƙa'idar ɗaya ce: ƙarfe ake bugawa ya bi ƙafa. In ka ga mutum ya kafa ƙaramin takalmi sannan yana goge kofaton da ya yi saura don su zo daidai, ka karɓi ragamar dokinka. Kofaton gaba a zagaye yake, kuma ya fi faɗi, don ƙafafun gaba ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki. Na baya ya fi tsini. Saboda haka takalmin gaba daban, na baya daban, kuma dawaki da yawa na gaban kawai suke bukata.

In maƙerin unguwa ne zai ƙera, ka ɗora kofaton da ka gama datsawa a kan kwali ka zana, ka kai masa. Ya yi da ƙarfe mai faɗi, kamar santimita biyu, kaurin milimita takwas ko ƙasa da haka ga ƙananan dawakinmu. In rodin gini zai yi amfani da shi, sai ya buge shi ya baje sarai, fuskar da za ta taɓa kofato ta zama sumul. Takalmin ya zauna a kan bango da farin layi, kada ya danne tafi. Ya rufe dunduniya har ƙarshe, ya ɗan fito waje kaɗan a can baya, domin dunduniya tana buɗewa duk lokacin da doki ya taka. Ga dokin da za a sa wa ƙarfe ba a zagaye bakin bango, a shimfiɗe ake barinsa.

Masu wuta sukan ɗora takalmin da zafinsa a kan kofato, hayaƙi ya tashi da ƙaurin gashi. Doki ba ya jin zafi in an yi daidai: daƙiƙa kaɗan, a ɗaga, a dubi inda ya ƙone da inda bai taɓa ba, a gyara. Sai a tsoma ƙarfen a ruwa ya huce kafin a kafa. Wanda ya danna jan ƙarfe ya bar shi don ya ci wa kansa mazauni, ƙona ƙafar yake yi.

Ƙusa

A nan zan daɗe, don nan na ƙone. Ƙusar doki daban take da ta kafinta. Jikinta a baje yake, ƙarfenta mai laushi, kuma an fiƙe bakinta ta gefe ɗaya. Wannan fiƙar ita ce dabarar: in ka juya gefen da aka fiƙe ya dubi tsakiyar kofato, ƙusar da kanta za ta karkata waje ta fito ta bango. In ka juya ta baibai, cikin nama za ta nufa. Ƙusar kafinta ba ta san wannan ba, miƙewa take yi, ta kuma tsaga bango. In babu ta doki a kusa, ka sa a kawo maka daga Yamai ko Kano, ko ka haƙura da takalmin gaba ɗaya.

Wata shekara, saura kwana huɗu Babbar Sallah, aka kawo mana wani dattijo da aka ce gwani ne, ya sa wa akawal ɗina takalmi. A ƙusa ta uku na ga dokin ya zabura, naman kafaɗarsa ya yi rawa. Na ce: "Baba, kamar ta taɓa shi." Bai ko ɗago kai ba ya ce: "Ɗana, tun ba a haife ka ba nike wanga aiki. Taurin kai ne." Na ji nauyinsa na yi shiru. Ranar jajibiri dokin bai iya ɗora ƙafar a ƙasa ba, kofaton zafi kamar an fiddo shi daga murhu. Da likitan dabbobi ya zare ƙusar, baƙin ruwa mai wari ya biyo ta. A ƙasa na yi Sallar nan, dokin kuma ya fi wata bai ɗauki sirdi ba. Laifin dattijon rabi ne, sauran nawa ne da na ga alama na bar kunya ta rufe mini baki.

Ga yadda ake yi. Ƙusa shida sun isa, uku kowane gefe, kuma duk a rabin gaba. Kada ko ɗaya ta wuce inda kofato ya fi faɗi, in ba haka ba ka ɗaure dunduniyar da ke son motsi. Ka saita takalmin, ka sa bakin ƙusa a kan farin layi ta gefensa na waje. Ka fara da ƙananan bugu kana saurare. Ƙusar da ke kan hanya sautinta ƙara tauri yake yi tana shiga, sai ka ƙara ƙarfi ta huda ta fito kamar santimita biyu sama da takalmin, wajen kashi ɗaya cikin uku na tsayin bango. In ta shige da laushi, ko ta yi nisa ba ta fito ba, ko doki ya zabura, ka zare ta nan take. In ka ga jini, ka ɗura maganin aidin irin su Bétadine a ramin, ka bar shi ba ƙusa, ka sanar da likita.

Duk ƙusar da ta fito, ka lanƙwashe tsininta ko ka murɗe shi da guduma kafin ka ɗauki wata. Doki in ya fizge ƙafa da tsinin a miƙe, cinyarka zai tsarge. Ka kafa ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan, ka duba ko takalmin bai goce ba, sannan ka ƙarasa. Bayan haka ka guntule kowace ka bar ɗan kai kamar ƙwayar shinkafa, ka ɗan goge ƙarƙashinsa da gefen magagari, ka tokare shi da guntun ƙarfe kana bugun kan ƙusar daga ƙasa har ya fara lanƙwasa, sannan ka kwantar da shi jikin bango. Ka shafa da hannu, in ba abin da ya kama ka, ya yi.

A ja dokin a gabanka, tafiya sannan sassarfa. Kwana uku na farko ka riƙa taɓa kofaton safe da yamma, kana jin bugun jini a bayan idon sawu. A lafiyayyen doki da ƙyar ake jinsa. In yana harbin yatsanka, akwai magana. Ka kuma sani ƙarfe a kan kwalta santsi gare shi, kada yaro ya saki linzami a titi don an sa sabon takalmi.

Takalmi ba ya wuce mako shida, in an matsa takwas, ko da ƙarfen bai cinye ba, domin kofaton ya yi tsiro ya ja shi gaba, ƙarshensa ya koma yana danna tafi. Wajen cirewa, a fara miƙe kawunan ƙusoshin ko a goge su, a sa awartaki ƙarƙashin dunduniya ɗaya a ɗaga, a koma ɗayar, ana matsowa gaba, ana karkatawa ciki. Wanda ya fizge ta waje da guntun bango zai taho. In aikin dutse ya ƙare, a bar dokin ba ƙarfe ya huta.

Abubuwa uku da ba sa jira

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, turken da fitsari da kashi suka cakuɗe da ruwa yakan ruɓar da tsokar tsakiya. Za ka ga baƙin abu a kwari, warinsa kuwa ba ka mantawa. Ka kankare ruɓaɓɓen, ka wanke, ka cusa auduga da aidin kullum, ka mayar da turken kan tudu ka zuba busasshen yashi. Baƙin man mota da wasu ke shafawa ba magani ba ne. Da rani in kana son shafa wani abu, ɗan man kaɗe a saman kofato ya wadatar.

Na biyu huda ce, ƙayar aduwa ko tsohuwar ƙusa a juji. In za ta ƙara nutsewa da taku, ka zare, amma ka lura da wurin da zurfin da ta shiga, ka ajiye ta ka nuna wa likita. In a tsakiyar tsokar nan ta shiga, ko da dare ne ka neme shi, don gaɓa da jijiya na nan sama da wurin. Ka jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da gishiri, ka sa aidin, ka naɗe da tsumma mai tsabta da buhu. Kada ka bar maganar allurar tetanos, cutar nan mai sarƙe haƙora. Doki na cikin dabbobin da ta fi saurin kamawa, kuma in ta kama da wuya ya tashi.

Na uku daga baki yake zuwa. Dokin da ya kwance ya faɗa wa buhun hatsi, ko wanda aka ɗura wa gero don ya yi ƙiba kafin Sallah, bayan kwana ɗaya ko biyu sai ka gan shi ya miƙa ƙafafun gaba, ya jingina baya kamar zai zauna, kofatai zafi, jini na bugawa. Naman da ke riƙe ƙashi da bango ne ya kumbura, in aka yi jinkiri ƙashin yakan juya ya dubi tafi. Kada ka jira alamar ta fito in ka san ya ci. Ka janye hatsi da dusa gaba ɗaya, ka bar masa busasshiyar ciyawa da ruwa. Kada a tilasta masa tafiya, kada a yi masa lalas. Ka tsayar da shi a yashi mai laushi, ka aika yaro da babur wurin masu sayar da ƙanƙara, ka zuba ta cikin ruwa a bokiti ko rabin jarka, ruwan ya haura idon sawu. Tana narkewa ana ƙarawa, har likita ya iso.